Ragar da Kawu Habu Ya Bari

Ranar wata Juma'a ce a farkon daminar 1971. An sauko daga masallaci an ci abinci, sai jama'ar Gumel suka yi ta ɗunguma zuwa filin ƙwallo da ke bayan makarantarmu, domin 'yan Guguwa, ƙungiyar garinmu, za su kara da baƙi daga Gagarawa. Shekarata tara a lokacin, kuma duk filin nan babu yaron da ya kai ni taƙama, don golan Guguwa kawuna ne, Kawu Habu, ƙanin mahaifiyata. Dogo ne siriri, mai manyan tafukan hannu, ga yawan dariya. A bayan ragarsa na zauna, na tanƙwashe ƙafa a kan yashi. An dawo daga hutun rabin lokaci ke nan hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya. Babu wanda ya motsa, murna ma ake yi, don shuka tana jiran ruwa. Wasa ya koma gidan baƙi, Kawu ya jingina kafaɗarsa da ƙarfen raga, ya waiwayo ya ce mini, "Iro, yau wankan kyauta za mu yi." Ban kai ga ba shi amsa ba na ga wani haske fari fat ya cika mini ido, wani abu ya ɗauke ni ya maka da ƙasa. Da na dawo hayyacina kunnuwana ba sa jin komai, sai dai ina ganin bakunan mutane a buɗe suna gudu, wasu suna faɗuwa ana bi ta kansu. Ƙaurin gashi ya cika mini hanci. Kawu yana kwance rub da ciki a bakin ragarsa, hayaƙi yana tashi daga rigarsa a hankali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka bar shi kwance. Manyan mutane masu gemu suka tsaya daga nesa suna salati, babu mai iya matsowa, domin a wancan zamanin ana cewa wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi haka nan. Wata Bafulatana mai tallan nono ce ta sauke ƙwaryarta, ta matso, ta juye masa nonon kaf a jiki, kamar yadda ta ji ana yi a rugarsu. Sannan Sale Bakanike, kyaftin ɗin Guguwa kuma aminin Kawu tun suna yara, ya ture masu riƙe shi, ya sunkuya ya saɓe shi a kafaɗa. Ruwa ya tsuge, shi kuwa ya kama hanyar gidan kakata da shi, nonon yana bin bayan rigarsa. Kafin magariba an kai Kawu makwancinsa.

Ita Guguwa ta girme ni nesa ba kusa ba. Baba ya sha ba mu labarin cewa tun kafin Turawa su tafi wasu malaman makaranta da ma'aikatan En'e da masu gyaran mota suka haɗa ta. Rigunansu farar alawayyo ce aka kai marina aka rine da baba, shi ya sa in gumi ya jiƙa su sai ka ga wuyansu da hamatarsu sun yi shuɗi. Yawancinsu ba su da takalmi, ƙyalle suke naɗawa a idon sawu. Ba albashi ake ba su ba, amma in sun ci wasa mahauta kan aiko da tsire, mai shayi ya ce a sha kyauta. A bayan motar gyaɗa suke tafiya Maigatari da Sule Tankarkar da Ɗanzomo, har an ce sun taɓa tsallaka iyaka suka lallasa 'yan Damagaram a gidansu. Da itace ake yin raga tun asali, gara tana cinye shi duk shekara. A ranin da ya gabaci mutuwar Kawu ne wani attajiri ya ba su kyautar bututun ƙarfe, aka kafa, aka shafa masa farin fenti, gari ya yi ta zuwa kallo. Mun ɗauka mun zama birni.

Bayan sadakar bakwai, ƙungiyar ta mutu murus ba tare da an yi wani taro an rufe ta ba. Iyaye suka hana 'ya'yansu, mata suka hana mazajensu. Maƙera suka zo suka tumɓuke ƙarafunan suka tafi da su. Filin ya koma na ƙarangiya da tumfafiya, hatta awaki sai an kora su suke shiga. Mu 'yan makaranta in an aike mu ta wajen, gwamma mu zagaya ta bayan kasuwa da mu ratsa ta ciki. Yara suka ƙirƙiro cewa in rana ta take ana jin busar usur a can, wani ya ce ya ga dogon mutum tsaye yana miƙa hannuwa. Amma ba wannan ne ya fi ƙona ran Inna, mahaifiyata, ba. Maganar da ta bi gari ita ce aradu ba ta faɗa wa mai gaskiya, sai ɓarawo ko wanda ya yi rantsuwa a kan ƙarya. Liman ya yi wa'azi a kai, ya ce ajali ne, kuma Allah kaɗai ya san bayinsa. Hedimasta ya tara mu ya yi bayanin cewa ƙarfe ne ya jawo ta. Duk da haka a bakin rijiya da wajen biki, in Inna ta shigo sai mata su yi tsit. Ta daina zuwa biki, ta daina ambaton sunan ƙaninta. Ranar da ta ga ƙanena ya ƙulla ƙwallon tsumma a tsakar gida, ba ta doke shi ba, ɗauka ta yi ta jefa a murhu, ta koma ga dakanta.

Ni kuwa tsoron hadari ya shiga jikina kamar ciwo. Ko ina gona ina bin Baba da iri, da na hango gabas ta yi duhu sai in ajiye irin in nufi gida. In kiwon awaki na je, sai in koro su gida tun ba su ƙoshi ba, in sha faɗa. Da an fara cida nake shigewa ƙarƙashin gadon karan Inna, in toshe kunnuwa da yatsu, in yi ta karanta Ƙulhuwallahu har in rasa inda na tsaya. Ban yarda in taɓa guga ko bokitin ƙarfe ba muddin akwai gajimare a sama. Sa'o'ina suna fita tsirara cikin ruwa suna tsalle, suna kama fara da gina a bayan gari, ni ina ɗaki ina haɗa gumi.

Sai fari ya zo. Shekara biyu a jere gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Rijiyar unguwarmu ta yi zurfin da sai an ƙara igiya a kan igiya, in guga ta fito rabinta laka. Rumbunanmu suka ƙare, Inna ta koma dafa tafasa da yaɗiya tana barbaɗa musu ɗan ƙuli, wata rana ma dusa aka tankaɗe aka yi mana tuwo da ita. Hanyar Maigatari ta cika da mushen shanu, ungulu sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Buzaye da Fulani suka yi ta kwararowa daga arewa da 'yan komatsansu, yaransu duk ƙasusuwa. Aka fitar da mu roƙon ruwa, manya da yara da dabbobi, muka juya rigunanmu bai-bai muka tsaya cikin rana a filin idi. Na ɗaga hannu tare da kowa, yunwa tana cina, ina son ruwan da gaske, amma ina satar kallon sama ina fargabar abin da zai zo tare da shi. Samarin gari suka watse cin rani, wasu Kano, wasu Ikko, ciki har da Sale da sauran tsofaffin 'yan Guguwa. A makaranta langa muke yi da kokawa, su ma in an samu ƙarfin yi.

Da Allah ya kawo sauƙi aka samu damina mai albarka, muka ɗaure dammunan gero har jakinmu ya gaji da jigila. Bayan girbin 1975 ne Sale ya dawo. Ya rame, furfura ta fara fito masa, amma ya zo da akwatin kayan aikinsa da wata ƙwallon fata mai igiya a baki. Ya buɗe garejinsa a gindin tsamiyar tasha, ya rataye ƙwallon a reshe inda kowa zai gani. Mutane suka yi ta wucewa suna kawar da kai. Ya bi tsofaffin abokan wasansa gida-gida, kowa ya kawo uzuri, wannan ciwon gwiwa, wancan iyali. Da ya ga haka sai ya nufi hedimasta ya ce a ba shi 'yan aji shida da bakwai. Ya haɗa da yaran garejinsa da 'ya'yan mahauta biyu. Da hannu muka tsince ƙayar filin nan, muna sara tumfafiya da fartanya, ƙarangiya tana maƙale mana a wando, kowa yana yi yana waiwaye. Sale da kansa ya saro rassan darbejiya ya kafa raga, ya ce muddin yana numfashi ƙarfe ba zai sake tsayawa a wurin ba.

Ni a ɗebo ƙaya kawai na yi niyyar tsayawa. Amma ran nan muna hutawa wani yaro ya hau goruba yana jeho mana 'ya'yanta, ina cafewa da hannu ɗaya ba tare da na kula ba. Sale ya daɗe yana kallona, sannan ya kamo hannuna ya juya tafin, ya ce, "Hannun Habu ne wannan." Da la'asar ya zo ƙofar gidanmu ya durƙusa gaban Baba. Ina daga cikin zaure ina jin su. Ya ce, "Malam, tare muka tashi da Habu, ko allura bai taɓa ɗauka ta wani ba. Muddin filin nan yana kwance, maganar banzan nan ba za ta mutu ba. In jininsa ya tsaya a ragar nan, bakin kowa zai rufu." Baba ya ce Allah ya tsare. Da ya shiga ya gaya wa Inna, tana tankaɗe ne, ba ta ɗago ba. Ni ta kira ta ce, "Tunda babanka ya yarda, ba ni da ta cewa. Amma kada ka kuskura ka shigo mini da labarin filin nan ɗakina."

Duk ranin nan muka yi ta atisaye. In na tashi daga makaranta sai na cika randunan gida, na yanko wa akuya ciyawa, sannan in zura da gudu. Gwiwar hannuna kullum a saɓule, Inna tana gani, sai ta ajiye mini man kaɗanya a bakin ƙofa. Ranar farko da na tsaya a ragar gabas, inda Kawu ya faɗi, ji na yi kamar yashin yana da zafi a ƙarƙashin ƙafata, bayana yana ta tsuma kamar akwai mai tsaye. Amma rani ne, sama wasai take, a hankali na saba. Ƙwallon ta fashe ba adadi, baduku yana ɗinkewa, muna hura ta da famfon keke. 'Yan kallo suka fara leƙowa, da farko daga bakin katangar makaranta, daga baya har gefen fili. Sale ya ciro tsofaffin rigunan Guguwa daga adaka, tela ya rage mana su. Sai ya aika Maigatari a turo yara mu gwada ƙarfi. Aka yi ta ɗaga ranar, yau mota ta lalace, gobe kasuwa, har aka shiga daminar 1976. Da na ji ranar da aka tsayar, abinci ya daina shiga mini.

'Yan Maigatari suka iso a bayan wata tsohuwar gingimari suna kaɗa galan. Yaran da aka ce za a turo, wasunsu har da gemu, akwai ma 'yan tsallaken iyaka masu kiran ƙwallo balo. Filin ya cika maƙil kamar dā, har tsofaffin 'yan wasan da suka ƙi amsa kiran Sale sun zo sun tsaya a baya. Kafin hutu sun zura mini ɗaya, mu ma wani ɗan mahauci ya farke mana. Na tare wasu guda biyu da har yanzu ban san yadda aka yi ba, na ji wani tsoho yana ihu, "Habu ya dawo!" Da aka juya, ragar gabas ta zama tawa. Ba a daɗe ba iska ta canja, ta zo da sanyi da ƙanshin ƙasa. Ban waiwaya ba, amma na ga inuwa tana cinye filin daga bayana, na ga fuskokin 'yan kallo duk sun ɗaga sama. Aka yi wata cida mai tsawo. Na ji fitsari yana neman kufce mini. Mutane suka fara ja da baya, wata yarinya mai tallan gyaɗa ta saki farantinta ta kwasa da gudu, nan take fili ya rikice.

Sale bai jira alƙalin wasa ba. Ya shigo tsakiyar fili yana ɗaga hannuwa yana cewa kowa ya nufi aji, ban da gudu, ban da gindin bishiya. Ni kam na kasa ɗaga ƙafa, sai da ya zo ya finciko ni. Muka cunkushe a ajinmu, mu da baƙi da 'yan kallo, ruwa yana dukan kwano kamar ana zuba tsakuwa. Duk walƙiyar da aka yi sai ɗakin ya ɗauki salati. Na tsuguna a lungu na cusa kai tsakanin gwiwoyi, ban damu da wanda zai gan ni ba. Wani ƙato daga cikin 'yan Maigatari, wanda ya ci ni ƙwallo ɗazu, ya tsuguno kusa da ni ya dafa bayana, na ji ashe shi ma addu'a yake ta yi ƙasa-ƙasa. Ana cikin haka aka yi wata tsawa da ta girgiza tagogi, sai kuma na ji muryar mace daga waje tana kiran sunana.

Inna ce. Matar da tun rasuwar Kawu ban taɓa ganin ta doshi hanyar filin nan ba, ga ta a bakin aji ba takalmi, mayafinta ya manne a jiki, laka har gwiwa. Ashe sai da ta fara zuwa ragar gabas cikin tsawar nan, ta tarar babu kowa, sannan ta bi azuzuwa ɗaya bayan ɗaya. Maza suka dare suka ba ta hanya. Ta kama kaina da hannu biyu, ta shafa fuskata da kafaɗuna da ƙirjina kamar mai duba ko wani abu ya ɓalle. Ba ta yi kuka ba, haƙoranta ne kawai suke haɗuwa. Sale ya matso ya durƙusa ya ce, "Yaya, ki yafe mini. In kin ce a tashi, an tashi ke nan." Can ruwan ya tsagaita, tsawar ta yi nisa can yamma, rana ta ɗan leƙo. Inna ta dubi matan da suka fake a baranda, cikinsu har da waɗanda suke yin tsit in ta shigo wuri. Sannan ta ɗaga murya yadda za su ji, ta ce, "Ƙanina Habu mutumin kirki ne. Iro, tashi ka je ka ƙarasa. Ina nan tsaye."

Na fita na koma ragata. Fili ya zama taɓo, ƙwallo ta sha ruwa ta yi nauyi kamar kabewa. Duk sanda na waiwaya ina hango ta a barandar makaranta, ita kaɗai a gefe guda, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Gab da tashi wani ya buga wata mai ƙarfi, na taɓa ta amma ta sulluɓe ta shige. Biyu da ɗaya aka tashi, mu aka ci. Amma yadda jama'a suka shigo filin nan suna ɗaga mu sama, sai ka rantse kofi muka ɗauka. Tsofaffin 'yan Guguwa uku suka je suka sami Sale tun bai bar wurin ba, suka ce gobe da su za a yi atisaye. Da na waiga neman Inna har ta tafi. Na tarar da ita a madafi tana hura wuta da jiƙaƙƙen kara, ta miƙo mini kunu mai zafi, ba ta tambaye ni wa ya ci ba. Ba ta sake taka filin ba har ta koma ga Allah.

Yau Guguwa ƙungiya ce mai rajista, tana biyan 'yan wasanta albashi, suna da motarsu da mai horarwa da likita, suna tafiya garuruwan da mu a dā sai dai mu ji sunansu a rediyo. An zagaye filin da katanga, an yi rumfar zama. Ni ban yi nisa a ƙwallo ba, koyarwa na yi har na yi ritaya, amma nakan je kallo in gwiwa ta bar ni. Samarin suna gaishe ni da ladabi, suna ba ni kujera, a wurinsu ni wani tsoho ne mai son wasa. Sale ya rasu, hedimasta ya rasu, cikin waɗanda muka share filin nan da hannu 'yan kaɗan ne muka rage, mukan haɗu a jana'iza fiye da a bakin fili. Wani lokaci in ana tsaka da ihu sai hankalina ya bar wasan, in ji ina marmarin garin nan da kowa ya san uwar kowa. Mun sha tsoro ƙwarai a zamaninmu, amma tare muka sha shi.